Zargi a Ɗakin Gashi: Amsa ga Ma'aikacin da Ba Shi da Shaida

Wani likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da tsoka da jijiya, da ke aiki a asibitin gwamnati ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum. Wata matar aure da nake yi wa gashi saboda ciwon ƙugu mai sauka har ƙafa ta gaya wa mijinta cewa na taɓa ta a inda bai kamata ba. Mijin ya kai ƙara wurin shugabannin asibiti, an ba ni takardar kwiri ta neman in kare kaina a rubuce, an kuma ce in dakata da ganin marasa lafiya har kwamiti ya zauna. Allah ne shaidata ban wuce iyakar aikina ba, amma a ranar an kira ma'aikaciyar da ke taimaka mana zuwa wani ɗaki, daga ni sai matar. Wasu sun ce in tura manya su ba mijin haƙuri a kashe maganar, wasu sun ce in kai shi kotu saboda ɓata suna. Ni kuma ina tunanin idan na koma aiki in riƙa ajiye wayata tana ɗaukar hoto a ɓoye, ko in daina karɓar mata gaba ɗaya. Ina neman shawara."

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo maka mafita, Ya bayyana gaskiya ta yadda ba za a zalunci kowa ba. Zargi irin wannan ya fi zargin kuskuren aiki nauyi, domin a lokaci guda yake taɓa mutuncin mutum da aurensa da lasisinsa da abincin iyalinsa, kuma ko an wanke shi daga baya ba kowane kunnen da ya ji zargin ne zai ji wankewar ba. Zan amsa maka ne bisa ɗaukar cewa gaskiya ka faɗa. Sai dai dole ne mu sa matar nan a cikin lissafi tun daga farko, domin yadda ka ɗauke ta a zuciyarka shi ne zai tsara yadda za ka yi magana a gaban kwamiti.

Mutane sukan ɗauka cewa a irin wannan ƙara abu biyu ne kawai: ko ma'aikaci ya yi laifi, ko mara lafiya ta yi ƙarya. Akwai hali na uku, kuma aikinka yana cikin ayyukan da suka fi faɗawa cikinsa. Ka fi ni sanin cewa jijiyar da ke kawo ciwon ƙugu mai sauka ƙafa ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, tana fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya ta gangara. Duk wanda zai duba ta ko ya yi mata magani sai ya danna ƙasan baya da saman mazaunai, sai ya ɗaga ƙafa a miƙe don ya ga inda zafin ke kamawa. A idonka wannan tsoka ce da jijiya. A wurin matar da ta tashi cikin kunya, wadda wataƙila babu namijin da ya taɓa kai hannu jikinta in ba mijinta ba, wannan wani al'amari ne daban, musamman idan ba a faɗa mata tun kafin a fara inda hannu zai je da dalilin zuwansa ba. Tana iya fita daga ɗakin nan da cikakken imani cewa an keta mata haddi, alhali kai kana da cikakken imani cewa aikinka ka yi. Saboda haka kada ka shiga gaban kwamiti kana kiran ta maƙaryaciya. Ka faɗi abin da ka yi, da dalilinsa a ilimin aikinka, ka bar musu hukunci a kan niyyarta.

Game da tura manya, ina roƙonka kada ka yi a yanzu. Sulhu alheri ne, kuma na san da kyakkyawar niyya aka ba ka shawarar, amma ban haƙuri kafin a yi bincike yana zama tamkar amsa laifi. Mijin da aka je aka ba shi haƙuri zai ce a gaban kwamiti, kuma ba ƙarya ya yi ba, cewa ka turo a roƙe shi. Daga nan duk bayanin da za ka yi game da jijiya da tsoka zai zo ne a bayan wannan maganar. Haka kuma kada ka kira matar, kada ka tura mata saƙo, kada ka sa wata abokiyar aiki ta je ta ji ta bakinta, domin ana iya fassara kowane ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin matsa wa mai ƙara lamba, kuma wannan shi kansa laifi ne ko da ainihin zargin ya faɗi.

Fayil ɗin matar kuwa kada ka taɓa shi. Idan ka tuna cewa akwai abin da ba ka rubuta ba a ranar, kada ka koma ka cusa shi, ko da gaskiya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 29, ta mayar da ƙari ko gogewa ko sauya bayanan mara lafiya da nufin gurɓata su laifin da ke iya kai mutum ga tara ko ɗauri, kuma layi ɗaya da aka ga ya bambanta da sauran a tawada ya isa ya rushe amincin dukan fayil ɗin, wanda wataƙila shi ne kawai abin da zai tsaya maka. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki takarda daban, ka sa kwanan watan ranar da kake rubutawa, ka rubuta duk abin da ka tuna: ƙarfe nawa ta shigo, karo na nawa ke nan da ta zo, wa ya rako ta, yaushe aka kira ma'aikaciyar kuma wa ya kira ta, ƙofa a buɗe take ko a rufe, me ka ce mata, me ta ce maka, wane ɓangare na jiki ka yi wa aiki, ta kan tufafi ko a buɗe, da yadda kuka rabu. Ka yi wannan da wuri, domin tunani yana sauyawa idan mutum ya yi ta maimaita labari cikin ɓacin rai. Daga wannan takardar za ka fitar da amsar kwirin, a cikin wa'adin da aka ba ka, cikin harshe mai sanyi, babu rantsuwa mai yawa, babu zagi, babu tone-tonen gidan mutane. Kafin ka miƙa, ka nuna wa wakilin ƙungiyarku ta likitocin gashi da kuma lauya, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Kana da haƙƙoƙi a gaban kwamitin, kuma neman su ba rashin ladabi ba ne. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum cikin adalci, kuma kotunan Najeriya sun daɗe suna ɗora wannan sharaɗi a kan kwamitocin ladabtarwa na hukumomin gwamnati. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, an soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, kuma daga cikin dalilan akwai cewa jami'in da ya shugabanci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ga shi kuma zargin na aikata manyan laifuka ne da kotu ce ke da hurumin yanke hukunci a kansu. Don haka ka nemi a ba ka zargin a rubuce dalla-dalla, a ba ka lokacin shirya amsa, a ji ta bakin ma'aikaciyar da aka kira waje, a kuma sa wani ƙwararre a fannin gashi a cikin masu binciken, wanda zai iya faɗin ko abin da ka yi shi ne abin da kowane mai wannan aiki zai yi ga mai irin wannan ciwo. Idan a cikin kwamitin akwai ɗan'uwan mai ƙara ko wanda ke da tsohuwar tsama da kai, ka nuna rashin amincewarka a rubuce tun kafin a fara zama. Ka kuma sa a ranka cewa maganar tana iya wuce asibiti ta kai ga MRTB, hukumar da aka kafa a 1988 don yi wa masu aikinku rajista da sa ido a kan ɗa'arsu, ko ta kai ga 'yan sanda. Idan aka gayyace ka ofishin 'yan sanda, kada ka rubuta jawabi sai lauyanka yana wurin.

Yanzu ga maganar waya. Na fahimci abin da ya kai ka ga wannan tunani, domin wanda aka zarga ba shaida yakan yi fatan da ma akwai idon da ya ga komai. Amma ka dubi abin da wayar za ta ɗauka: matan mutane a kwance, sun janye hijabi, an buɗe musu baya, ba su san ana ɗaukar su ba. Ranar da aka ga wannan a wayarka, babu wanda zai tsaya jin cewa don kare kai ka yi, kuma a lokacin shaidar da za ta kama ka kai ka tara ta da hannunka. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta 2014 ya mayar da duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa sirri, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta kariyarsa. Ban da doka ma, waya tana ɓata, ana sace ta, ana kai ta gyara, yara suna ɗauka. Amanar al'aurar mutane ba abin da za a ajiye a aljihu ba ne. Kyamarar da asibiti zai sa a baranda, kowa yana ganin ta, wadda za ta nuna wa ya shiga ɗaki da lokacin da ya fito, wannan tana da amfani, kuma za ka iya neman a sa ta. A cikin ɗakin da ake buɗe jiki kuwa babu wurinta.

Daina karɓar mata ma ba mafita ba ce. Matan da shanyewar ɓarin jiki ta kama, da masu ciwon baya bayan haihuwa, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, ba za su daina zuwa ba, kuma ba kowane asibiti ne ke da mace a sashen gashi ba. Inda akwai mace ƙwararriya, a ba mara lafiya zaɓi tun a bakin ƙofa, wannan shi ya fi. Inda babu, janyewarka hukunci ne a kan matan da ba su yi maka komai ba.

Abin da zai kare ka shi ne kada aikinka ya sake faruwa a inda ido na uku ba ya gani. A wasiƙarka ka ambaci fitar ma'aikaciyar nan kamar wani tsautsayi, amma ni a nan nake ganin asalin matsalar. Daga yau ka mayar da shi ƙa'idar da ba ta da togiya: idan aikin ya shafi taɓa jikin mace, sai da ma'aikaciya mace a ɗakin, kuma idan aka kira ta waje, ka ɗauke hannunka, ka rufa wa mara lafiya zane, ka buɗe ƙofa ko ka fita ka jira har ta dawo, ko da layi ya kai bakin titi. Addininmu ya riga ya hana keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma ya koyar da kawar da zato tun kafin ya tsiro. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, da ya fito raka ta wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya 'yar Huyayyu ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Idan mafi tsarkin halitta bai dogara da sanin da mutane suka yi wa tsarkinsa ba, babu ma'aikacin da zai ce kyawun halinsa ya ishe shi garkuwa.

Sai dai ba kowane zaman mutum na uku ne ke zama shaida ba, kuma wannan darasi ne da wasu ƙasashe suka koya da tsada. A Ingila, bayan an sami wani likita mai suna Clifford Ayling da laifin cin zarafin mata marasa lafiya a shekarar 2000, kwamitin binciken da ya fitar da rahoto a 2004 ya ba da shawarar a riƙa samar da ma'aikatan da aka horar musamman don tsayawa a lokacin duba wuraren da suka shafi tsiraici. Ƙa'idar hukumar likitocin Birtaniya a yau ita ce mai tsayawar ya kasance ma'aikacin lafiya da ya san yadda ake yin aikin, ya zauna daga farko har ƙarshe, ya tsaya inda zai iya ganin abin da ake yi, a kuma rubuta sunansa a fayil. Ɗan'uwa ko aboki yana iya zama don kwantar da hankalin mara lafiya, amma ba a ɗaukarsa a matsayin shaidar da ba ta da ɓangare. A Amurka kuma, Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki da aka yanke wa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a 2018, da yawa daga cikin 'yan matan da suka yi magana a kotu sun ce iyayensu suna cikin ɗakin lokacin da yake cutar da su, ya kare da jikinsa, su kuma iyayen ba su san yadda aikin gaskiya yake ba balle su gane an kauce. Na kawo waɗannan ne don ka ga cewa ƙa'idar ba don kare ma'aikaci kaɗai aka yi ta ba. An yi ta ne domin cin zarafi a ɗakin magani yana faruwa da gaske, kuma tsarin da zai tona asirin mugu shi ne dai zai wanke mai gaskiya. Saboda haka idan miji ko uwa ko ƙanwa suna son zama, ka yi maraba da su, amma kada su maye gurbin ma'aikaciyar. Ita ma kada ta zauna a kusurwa tana duba waya.

Sannan baki ya riga hannu. Kafin ka taɓa, ka ce mata a gaban mai tsayawar: "Hajiya, ciwon nan daga jijiyar da ta bi ta nan yake, zan danna ƙasan bayanki da wannan gefen, zan kuma ɗaga ƙafarki. Kin amince? Duk lokacin da kika ji ba ki so, ki ce in tsaya." Ka nuna wurin a jikinka ko a hoton da ke bango, ba a jikinta ba. Idan za ka matsa zuwa wani wuri, ka sake faɗa. Ka buɗe iya wurin da aiki ya buƙata, sauran jiki a rufe, kuma ita ko ma'aikaciyar ce za ta janye tufa, ba kai ba. Ka kuma lura cewa "to" ɗin mace mai kunya a gaban likita ba kullum yake nufin yarda ba. Sau da yawa nauyin baki ne. Idan ka ga ta ƙanƙame jiki ko ta kawar da kai ta yi shiru, ka tsaya, ka bar ma'aikaciyar ta tambaye ta mace da mace. Sashe na 23 na dokar 2014 ya wajabta a yi wa mara lafiya bayanin halin da yake ciki da hanyoyin magani da haƙƙinsa na ƙin amincewa, cikin harshen da yake fahimta, wato wannan bayanin wani ɓangare ne na aikin kansa. Bayan an gama, ka rubuta a fayil abin da ka yi, da cewa an yi bayani ta amince, da sunan wadda ta tsaya, da lokacin farawa da gamawa. Idan mara lafiya ta ce ba ta son kowa ya tsaya, ka rubuta hakan, kuma kana iya ɗage aikin ko ka tura ta wurin wata, matuƙar jinkirin ba zai cutar da ita ba.

Idan kana zuwa gashi gidajen mutane bayan tashi daga aiki, kamar yadda da yawa daga cikin abokan aikinka suke yi, to can haɗarin ya fi yawa, domin babu fayil, babu ma'aikaciya, babu baranda. Kada ka shiga sai da sanin maigida, sai da babbar mace a ɗakin, kuma ka riƙe littafin da kake rubuta kowace ziyara. Hira da marasa lafiya mata a WhatsApp kuwa ta tsaya a kan lokacin zuwa da abin da ya shafi jinya.

Wannan nauyi ba naka ba ne kai kaɗai. Asibitin da ya ware ma'aikaciya ɗaya tana yawo tsakanin ɗakuna da yawa shi ya shirya yanayin da ya jefa ka da matar nan cikin wannan hali, kuma ya dace ka faɗi haka a amsarka, cikin ladabi, a matsayin bayanin abin da ya faru. Bayan an kammala, ku haɗu da abokan aikinka ku rubuta wa shugabanni ku nemi rubutacciyar ƙa'ida a kan mai tsayawa, da sanarwa da Hausa a bango cewa kowace mara lafiya tana da haƙƙin neman mace ta tsaya mata, da labule mai kyau a maimakon ƙofar da ake kullewa. Ku tambayi ƙungiyarku kuma game da inshorar kariyar sana'a, wadda ke ɗaukar kuɗin lauya idan irin wannan ta taso.

Kai ƙarar ɓata suna kuwa ka jingine ta tukuna. Sashe na 30 na dokar lafiya ya ba kowa damar kai koke a kan yadda aka yi da shi a asibiti, a kuma bincika, kuma mijin da ya ji irin wannan magana daga bakin matarsa ya kai ta wurin shugabanni ya bi hanyar da ta dace. Shigar da shi kotu yanzu zai yi kama da razana mai ƙara, zai kuma fitar da maganar daga ɗakin kwamiti zuwa bakin duniya. Idan daga baya ya tabbata cewa ƙage ne da gangan, ko aka ɗauki sunanka da hotonka aka watsa a Facebook, wannan wani babi ne, dokar Penal Code ta tanadi hukuncin ɓata suna, sai ka zauna da lauyanka ku auna. Kafin nan kai ma kada ka rubuta komai a intanet, kada kuma ka ba da labarin ciwon matar a majalisa, domin har yanzu sirrinta amana ne a wuyanka.

Ka gaya wa maiɗakinka da bakinka, yau, kafin ta ji a gidan biki. Idan kwamiti ya wanke ka, ka nemi sakamakon a rubuce a sa a fayil ɗinka na aiki, domin wankewar baki ba ta bin mutum idan aka yi masa canjin wurin aiki ko lokacin ƙarin girma ya zo. A cikin amsar kwirin kuma ka ƙara layi ɗaya kana roƙon shugabanni su haɗa matar da wata ma'aikaciya mace, a nan ko a wani asibitin, don ta ci gaba da gashinta, domin wannan rigimar ta katse mata magani kuma ciwon da ya kawo ta yana nan.